ƘANANAN HALITTU DA SABON MAGANIN CIWON DAJI

Hausawa sun daɗe da sanin ciwon daji, wanda wasu ke kira sankara, suna kuwa tsoronsa matuƙa. Har akwai wata magana da ta zauna a bakin jama'a, wai daji ba ya son ƙarfe, idan aka taɓa shi da allura ko wuƙar likita sai ya fusata ya bazu. Saboda wannan magana mutane da yawa ba su zuwa asibiti sai ciwo ya ci jiki. Waɗansu kuma sukan je, amma da zarar likita ya ce zai ɗebi ɗan nama daga kumburin domin gwaji, sai dangi su tattara majiyyacinsu su koma gida. Manufar wannan darasi ita ce a bayyana wa mai karatu dalilin da ya sa wannan ɗan naman ya zama mabuɗin magani a zamanin nan, da yadda masana suka kai ga gane haka ta hanyar binciken halittun da ido ba ya gani.

Al'amarin ba ƙarami ba ne. Hukumar binciken ciwon daji da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a cikin shekarar 2022 mutum wajen 127,000 ne suka kamu da ciwon daji a Nijeriya, kusan 80,000 kuma suka rasu ta dalilinsa. Sankarar mama ce ke kan gaba, sa'an nan ta furostet, watau kaluluwar da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, da ta bakin mahaifa.

LITTAFIN GADO

An gina jikin ɗan Adam da 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi, kamar yadda ake gina ganuwa da tubali, sai dai su waɗannan tubala rayayyu ne. Suna ci, suna rabuwa biyu su hayayyafa, suna tsufa su mutu. A cikin kowace ƙwayar jiki akwai wani dogon zare da masana ke kira DNA, wanda ke ɗauke da umarnin yadda za ta yi aikinta. Za mu iya kwatanta shi da littafi. Harufansa iri huɗu ne kacal, amma an jera su har wajen biliyan 3, an kasa su babi-babi kimanin 20,000, an kuma ɗaure su dami-dami, dami 23 daga uwa, 23 daga uba. Wannan shi ne littafin gado. Kowane babi umarni ne na ƙera wani furotin, su kuwa furotin su ne ma'aikatan jiki.

Duk lokacin da ƙwaya za ta rabu biyu sai ta kwafi littafin nan baki ɗaya. Mai kwafi kuwa ba ya rasa kuskure, balle ga hayaƙin taba, da guba, da waɗansu cututtuka da ke ƙara lalata rubutun. Yawancin kurakuran jiki yakan gyara su, ko kuwa su faɗa inda ba su da lahani. Amma akwai babuka iri biyu masu hatsari. Iri na farko kamar totur yake a mota, shi ke cewa ƙwaya ta hayayyafa. Na biyu kamar birki, shi ke cewa ta tsaya. Idan totur ya maƙale, birki kuma ya tsinke, sai ƙwaya ta yi ta rabuwa ba ji ba gani, ta tara kumburi, daga baya 'ya'yanta su bi jini su yada zango a hanta, ko huhu, ko ƙashi. Ciwon daji ke nan.

Ya kamata mai karatu ya riƙe abu guda a nan. Mata biyu suna iya zuwa da ƙullutu iri ɗaya a mama, girmansu ɗaya, amma babin da ya lalace a jikin wannan dabam, na waccan dabam. A ido ciwo ɗaya ne, a littafin gado kuwa cututtuka biyu ne, maganinsu ma ba ɗaya ba ne.

MALAMAN DA IDO BA YA GANI

To, ƙaƙa aka yi ɗan Adam ya iya karanta wannan littafi? Ba a jikin mutum aka fara ba. An fara ne a jikin bakteriya, da bairas, da yis irin wanda ake sa wa burodi. Dalili kuwa shi ne littafinsu ɗan ƙarami ne, ga su da saurin haihuwa. Bakteriyar da ake kira E. coli, wadda ke zaune a hanjin kowa, tana iya rabuwa biyu cikin minti 20, saboda haka abin da mai bincike zai jira shekaru aru-aru kafin ya gani a zuriyar mutum, sai ya gan shi cikin kwana guda a ɗan faranti.

A cikin 1928 wani likita a Ingila, Frederick Griffith, ya lura cewa bakteriyar ciwon haƙarƙari marar lahani tana iya ɗaukar mugun hali daga gawar 'yar'uwarta mai kisa. A 1944 Oswald Avery da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa abin da ke ɗauke da halin nan DNA ne. Daga baya aka gano cewa bakteriya tana da waɗansu almakasai na halitta da take datse zaren bairas da su idan ya kawo mata hari. Masana suka ari almakasan. A 1973 Stanley Cohen da Herbert Boyer suka yanko babi daga wata halitta suka dasa a cikin E. coli, ita kuwa ta karɓa ta shiga aiki da shi kamar nata. Kafin shekara 10 ta cika, a 1982, aka fara sayar da insulin na masu ciwon sukari wanda bakteriya ta ƙera bisa umarnin babin mutum. Hatta na'urar da ake ninka DNA da ita a ɗakunan gwaje-gwaje, wadda jama'a suka ji sunanta, PCR, lokacin annobar korona ta 2020, ta dogara ne da wani furotin na bakteriyar da aka samo a maɓuɓɓugar ruwan zafi ta Yellowstone a Amurka. Sabon almakashin da ake kira CRISPR, wanda aka bayyana amfaninsa a 2012, shi ma dabarar bakteriya ce, kuma da shi aka yi maganin amosanin jini da Ingila da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023.

Amma babban darasi game da ciwon daji daga kaza ya fito. A 1911 Peyton Rous ya nuna cewa akwai wani bairas da ke sa wa kaji sankara. Mutane suka yi biris da maganarsa, sai bayan shekara 55 aka ba shi lambar girma ta Nobel. A 1976 Michael Bishop da Harold Varmus suka binciki babin da bairas ɗin ke yin ɓarnar da shi, sai suka iske abin mamaki. Ashe babin ba na bairas ba ne tun asali, daga jikin kaza ya sato shi ya jirkita, kuma akwai irinsa lafiyayye a jikin kowace dabba har da mutum. Watau ɓarawon a cikin gida yake. Daga nan aka shiga farautar irin waɗannan babuka, aka yi ta samun su, da yawa ta hanyar bairas na kaji da na ɓeraye.

ABIN DA NIJERIYA TA BA DUNIYA

A nan ya dace mu ɗan dakata, gama ƙasarmu tana da hannu cikin wannan tarihi fiye da yadda yawancinmu suka sani. A 1958 wani likitan fiɗa, Denis Burkitt, da ke aiki a asibitin Mulago a Kampala ta Uganda, ya ba da rahoton wani ciwo da ke kumbura muƙamuƙin yara, ya girgiɗe musu haƙora, ya turo ido waje, ya kuma yi kisa cikin 'yan watanni. Da ya bi sawunsa sai ya ga ya fi yawa a wurare masu zafi da ruwan sama, inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. Wannan ya sa aka yi zaton akwai wata ƙwayar cuta a ciki. A 1964 Anthony Epstein, da Yvonne Barr, da Bert Achong a London suka hango bairas a cikin ƙwayoyin kumburin da aka aiko musu daga Uganda. Shi ne bairas na farko da aka danganta da ciwon daji a jikin mutum, ana kuwa kiransa Epstein-Barr.

A daidai wannan lokaci Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan yana cikin manyan wuraren da ake nazarin ciwon. A can, cikin 1963, Farfesa R. J. V. Pulvertaft ya ɗebi ƙwayoyi daga kumburin muƙamuƙin wani yaro ɗan Nijeriya mai shekara 11, ya raya su a kwalba, suka ci gaba da hayayyafa ba tsayawa. Su ne ƙwayoyin jinin mutum na farko da aka iya rayawa haka a duniya. Ana kiran su Raji, suna ɗauke da bairas ɗin Epstein-Barr a cikinsu, kuma zuriyarsu ta bazu cikin ɗakunan gwaje-gwaje daga Amurka har Japan. Har wa yau a Ibadan, Farfesa Victor Anomah Ngu, likitan fiɗa ɗan Kamaru, yana cikin waɗanda suka nuna cewa ana iya narkar da wannan kumburi da magani, abin da ya sa aka haɗa da shi cikin waɗanda aka ba lambar girma ta Lasker a 1972.

Yanzu an san yadda abubuwa uku ke haɗuwa su haifar da ciwon. Bairas ɗin yana shiga wasu fararen ƙwayoyin jini ya hana su mutuwa. Zazzaɓin cizon sauro mai maimaituwa yana ingiza su su yi ta rabuwa, yana kuma raunana tsaron jiki. Cikin wannan hargitsi sai wani yanki na dami na 8 ya tsinke ya manne da dami na 14, ya kai wani babin totur mai suna MYC wurin da ba ya mutuwa. Shi kansa MYC a bairas ɗin kaji aka fara ganinsa. Kada dai mai karatu ya firgita, gama fiye da mutum 9 cikin 10 na manya a duniya suna ɗauke da Epstein-Barr ba tare da wata illa ba. Bairas shi kaɗai ba ya isa. Amma gidan sauron da aka rataya wa yaro yana rage ɗaya daga cikin ukun.

MAGANI MAI SAITI

Magungunan daji na farko, waɗanda ake sa wa majiyyaci ta ƙarin ruwa, suna kashe duk ƙwayar da ke saurin rabuwa. Shi ya sa gashi ke zubewa, baki ya yi gyambo, jini ya ragu, don su ma waɗannan wurare ƙwayoyinsu masu saurin rabuwa ne. Kamar manomi ne ya sa wa gona wuta don ya kashe ƙuduji. Ba raina su ake yi ba. Har gobe su ne ginshiƙin magani tare da fiɗa da gashi, sun kuma warkar da dubban mutane. Da dama daga cikinsu ma, irin su doxorubicin da bleomycin, daga bakteriyar ƙasa aka samo su.

Magani mai saiti kuwa kamar maharbi yake, wanda ya san naman da ya fito nema. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na wata sankarar jini mai tafiyar hawainiya, wadda ke cika jini da fararen ƙwayoyi ta kumbura saifa. A 1960 aka ga wani guntun dami a ƙwayoyin masu ciwon a birnin Filadelfiya. A 1973 Janet Rowley ta gano cewa dami na 9 da na 22 ne suka yi musayar yanki. Babin da ke wurin tsinkewar, ABL, an riga an san shi daga wani bairas na ɓeraye. Da aka san furotin ɗin da ya maƙale, sai aka ƙera ƙwayar magani mai suna imatinib, wadda ke shiga ta toshe shi kamar yadda ake cusa tsinke a ramin kwaɗo. An amince da ita a 2001. Ciwon da a dā yakan kashe yawancin masu shi cikin shekara 5 ko 6, sai ga fiye da 8 cikin 10 na masu shan maganin suna raye bayan shekara 10. A 2003 aka fara raba shi kyauta ga 'yan Nijeriya ta wani shirin agaji a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, amma sai ga wanda gwaji ya nuna yana da wannan guntun dami.

Wata hanyar ita ce a ƙera ƙugiya irin ta garkuwar jiki, wadda ke gane wata alama a bayan muguwar ƙwaya ta maƙale mata, sa'an nan sojojin jiki su zo su gama da ita. Rituximab, wanda ya fito a 1997, yana kama alamar CD20, kuma ƙwayoyin Raji na Ibadan suna cikin waɗanda aka fi amfani da su wajen auna ƙarfinsa. Wani gwaji da aka buga sakamakonsa a 2020 ya nuna cewa ƙara shi a kan tsofaffin magunguna ya ɗaga yawan yaran da ciwo irin na Burkitt bai dawo musu ba daga kimanin kashi 82 zuwa 94 cikin 100. Abin takaici, a ƙasashe masu arziki aka yi gwajin, yaran Afirka kuwa, inda ciwon ya fi yawa, kaɗan ne ke samun maganin.

A sankarar mama abin ya kasu. Idan ƙwayoyin kumburin suna rayuwa ne da sinadarin mata na jiki, to, tamoxifen, ƙwayar magani mai sauƙin kuɗi da aka sani tun shekarun 1970, tana toshe musu abinci. Idan kuma suna da yawan alamar HER2, kamar yadda yake ga mace 1 cikin 5 ko 6, to, trastuzumab, wanda ya fito a 1998, shi ne nasu. Wadda ba ta da ko ɗaya, waɗannan magunguna biyu ba za su amfane ta da kome ba, ko da an sayar da gona an saya. Akwai kuma masu gadon lalataccen babin gyara, BRCA1 ko BRCA2, daga uwa ko uba. Binciken da Farfesa Olufunmilayo Olopade da abokan aikinta suka buga a 2018 a kan mata 1,136 masu sankarar mama a Ibadan ya iske kashi 7 cikin 100 suna da matsalar BRCA1, kashi 4 kuma BRCA2, adadin da ya zarce abin da aka saba gani a Turai. Ga irin waɗannan akwai olaparib, wanda aka fara amincewa da shi a 2014.

To, ta ina likita zai san rukunin da majiyyaciyarsa ta faɗa? Ba ya iya sani da ido, ko da taɓawa, ko da hoto. Sai an ɗebi ɗan naman nan, sau da yawa da allura kawai bayan an kashe zafin wurin, an kai ɗakin gwaji an rina shi, an duba alamominsa. Game da maganar ƙarfe kuwa, ga inda ta samo asali. Yawancin majiyyatanmu sai ciwo ya riga ya bazu suke isa asibiti. A yi gwaji yau, mutum ya rasu bayan wata biyu, sai a ɗora wa allura laifi, alhali kuwa watannin da aka ɓata ana shafe-shafe a gida su ne suka yi aikin.

Gaskiya ce kuma maganin saiti ba ya rasa iyaka. Ƙwayoyin daji suna ci gaba da kuskuren kwafi, wani lokaci sai a sami wadda ta sauya ramin kwaɗonta, maganin ya daina kama ta, ita kuma ta cika gida da 'ya'ya. Wannan ma a wurin bakteriya aka fara fahimtarsa, don haka take yi wa kafso ɗin da mutane ke saye a tasha su sha biyu su bari. Saboda haka wanda aka ɗora a kan irin wannan magani kada ya riƙa tsallake kwanaki don ya ji sauƙi.

BINCIKE A ABUJA

Cikin cututtukan dajin da ƙwayar cuta ke haddasawa, babu wanda ya fi cin matanmu kamar na bakin mahaifa. A 2020 an ƙiyasta mata 12,000 sun kamu da shi a Nijeriya, 8,000 sun rasu. Wani Bajamushe, Harald zur Hausen, shi ya gano DNA na bairas ɗin HPV a cikin kumburin, iri na 16 a 1983, na 18 a 1984. Waɗannan biyu ke jawo kusan kashi 70 cikin 100 na ciwon. Dabarar bairas ɗin ita ce yana da babuka biyu, E6 da E7, masu tsinke manyan birkuna biyu na ƙwayar jiki. Yana yaɗuwa ta saduwa, ya kuma zama ruwan dare, har yawancin mutane maza da mata sukan gamu da shi a rayuwarsu, ciki har da matan aure da ba su taɓa sanin kowa ba sai mazajensu. Don haka ba abin zargi ba ne. Galibi jiki yakan kore shi cikin shekara 1 ko 2. Wadda ya zauna mata ita ce ke cikin hatsari, bayan shekara 10 zuwa 20.

Me ya sa yake zauna wa wata, ya bar wata? Wannan ita ce tambayar da aka tasa a gaba a Cibiyar Nazarin Bairas na Ɗan Adam ta Nijeriya, wadda aka kafa a Abuja cikin 2004. Daga 2014 Farfesa Clement Adebamowo ya jagoranci wani babban bincike mai suna ACCME, inda aka bi lafiyar mata fiye da 10,000 a Abuja da kewayenta, ana duba abu uku tare: irin bairas ɗin, da littafin gadon macen, da jama'ar bakteriyar da ke zaune a jikinta tun asali, waɗanda wasunsu masu gadi ne. Muhimmancin yin irin wannan aiki a gida shi ne ba a ko'ina bairas yake ɗaya ba. Alal misali, iri na 35 ya fi yawa a sankarar matan Afirka fiye da ta Turawa, ba ya kuma cikin alluran rigakafin da ake da su. In ba mu ƙirga namu ba, babu mai ƙirga mana.

Wani ƙaramin gwaji da aka yi a yankin Abuja, aka buga a 2017, ya taɓo matsalar kunya. An raba mata 400 gida biyu. Waɗanda aka ba ɗan tsinken auduga su ɗebi samfur da kansu a gida, fiye da 9 cikin 10 sun mayar da shi. Waɗanda aka ce su je asibiti a duba su, kaɗan suka haura rabi. Gwajin DNA na HPV shi ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita tun 2021 ga mata daga shekara 30, ko 25 ga masu ɗauke da HIV, don idan aka ga alama da wuri ana ƙone wurin cikin 'yan mintoci kafin ya zama daji.

Ran 24 ga Oktoba 2023 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da allurar rigakafin HPV a Abuja, kyauta, allura guda, ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, aka ƙarasa sauran jihohi a 2024. An ji jita-jita cewa wai tana hana haihuwa. Ga abin da ke cikinta: an ɗauki babi guda na bairas, wanda ke ƙera ɓawonsa, aka dasa a cikin yis, yis ya ƙera ɓawon fanko, babu DNA na bairas da zai hayayyafa. Jiki ya ga ɓawon, ya haddace kamanninsa. Tun 2006 ake yin ta a duniya, 'yan matan da aka fara yi wa sun yi aure sun haihu. Abin da ke raba mace da mahaifarta shi ne sankarar kanta.

HANTA, GYAƊA DA MASARA

Manoma su kasa kunne a nan. Sankarar hanta tana kashe maza a tsakiyar ƙarfinsu, kuma abu biyu ke haɗa kai su kawo ta. Na farko bairas ɗin ciwon hanta rukunin B, wanda binciken ƙasa na 2018 ya iske a jinin kimanin kashi 8 cikin 100 na 'yan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 64. Wanda ya kamu tun yana jariri shi ne ya fi zama da shi har girma. Rigakafinsa, wanda shi ma yis ke ƙerawa, ya shiga jerin alluran yara a Nijeriya a 2004, kuma allurar farko cikin awa 24 da haihuwa ake so a yi ta, ba sai an jira suna ba.

Na biyu guba ce mai suna aflatoksin, wadda wata fumfuna ke zubawa a gyaɗa da masarar da ba su bushe sosai ba. An gano ta ne bayan talo-talo wajen 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 saboda cin ƙulin gyaɗa. A 1991 aka nuna cewa tana sauya harafi guda a wuri na 249 na babin birki mai suna p53, kamar ɓarawon da ya bar sawunsa. Dafuwa ba ta kashe ta. Masana a cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan sun tace fumfunar ƙasarmu, suka zaɓo iri 4 waɗanda gadonsu bai ba su ikon yin gubar ba, suka shafa su a ƙwayar dawa, aka sa wa abin suna Aflasafe, aka yi masa rajista a 2014. Ana watsa kilo 10 a hekta guda, mako 2 zuwa 3 kafin amfani ya yi fure, sai marasa guba su riga masu guba kama wuri, gubar ta ragu da kashi 80 cikin 100 ko fiye. Wanda bai samu ba, ya shanya amfaninsa a kan tabarma ko leda maimakon ƙasa, ya tsince ruɓaɓɓu, kada kuma a mayar da su ƙuli-ƙuli ko a zuba wa dabbobin tatsa.

KUƊI DA INDA ZA A NUFA

Ba za a ɓoye wa jama'a ba, magungunan saiti suna da tsada, wasunsu sun fi ƙarfin ma'aikacin gwamnati balle talaka, ɗakunan gwajin kuma ba su wadata ba. A 2021 aka fara aiki da Asusun Tallafin Masu Ciwon Daji domin marasa ƙarfi masu sankarar mama, da ta bakin mahaifa, da ta furostet, a asibitoci 6: Asibitin Ƙasa na Abuja, da asibitocin koyarwa na Zariya, Gwambe, Ibadan, Binin da Inugu. Dokar da ta kafa Cibiyar Bincike da Maganin Ciwon Daji ta Ƙasa, NICRAT, mai hedkwata a Abuja, an sa mata hannu a 2017, cibiyar kuma ta kama aiki a 2023.

Duk wanda ya ga ƙullutu a mama ko wuya, ko zubar jini bayan saduwa ko bayan ɗaukewar al'ada, ko gyambon da ya ƙi warkewa, ko kumburin muƙamuƙi ko ciki ga yaro, ya je babban asibiti mafi kusa cikin makon, a tura shi gaba in da bukata. Yawancin ƙullutai ba daji ba ne, gwaji ne ke rarrabewa. Idan an ɗebi nama, a tambayi ranar fitowar sakamako, a koma a karɓa. Mai sankarar mama ta tambayi likita ko an duba alamar sinadarin mata da ta HER2 kafin a sayi magani. A adana takardar sakamakon a cikin leda, a yi mata kwafi, a tafi da ita duk asibitin da aka tura majiyyaci, gama da ita likita na gaba zai zaɓi maganin da zai rubuta.